Tsofaffin kaset na kyamara: yaya ake kwashe su zuwa kwamfuta a tace?

Abban Walid: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar masu sani nake nema. Muna gyaran ɗakin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, muka ci karo da kwali cike da ƙananan kaset na kyamarar bidiyo. Wasu an rubuta Hi8 a jikinsu, wasu Video8, akwai kuma masu ɗan kauri da aka rubuta VHS-C. Bisa rubutun da ya yi musu da biro, akwai Hajjinsa na 1997, bikin yayarmu, da Hawan Daushe na shekaru daban-daban. Kyamarar tana nan amma ba ta tashi. So nake in zuba su a kwamfuta, in yanke, in haɗa, in raba wa dangi. Ta ina zan fara?

Malam Habu Mai Rediyo: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Alhaji, ya sa Aljanna ce makoma. Ka bar maganar kwamfuta tukuna, kuma kada ka saka kaset ko ɗaya a na'ura. Ɗauko su ɗaya bayan ɗaya ka leƙa ta 'yar tagar robar nan. In ka ga farin ɗigo-ɗigo a gefen zaren da ke naɗe, fumfuna ce, danshin damina ne ya kawo ta. Ware waɗannan a leda daban. Kaset mai fumfuna in ya shiga na'ura sai ya toshe hed, wato ɗan kan da ke karanta zaren, ya kuma shafa wa duk wanda aka saka bayansa. Na biyu, ka kulle su. A bayan kaset ɗin Hi8 da Video8 akwai ɗan makulli, ka tura shi har jan ya bayyana. Na VHS-C kuma ɗan harshe ne ake ɓallewa, wasu turawa ake yi. Sau da yawa ana kawo mini kaset ɗin biki, ana tsakiyar kamu sai ka ga silin ɗaki da fuskar yaro, saboda wani ya danna rikodin yana wasa.

Bashir Mai Tacewa: Yaya, abin bai kai wahalar da za a ɗora masa ba. Je ka Beirut Road ko Farm Centre ka ce a ba ka 'yar na'urar nan ta USB mai wayoyi uku, rawaya da fari da ja. Rawaya hoto, sauran biyun sauti. Ka jona da kyamara, ka buɗe manhajar rikodin ta OBS a kwamfuta, ka danna rikodin. In ka gama ka jefa a CapCut ko Premiere ka yanke. Yanzu ma akwai manhajojin da ke ɗaga hoto ya koma HD, sai ka rantse jiya aka ɗauka.

Abban Walid: To ai kyamarar ce ba ta tashi, Bashir. Wani ya ce mini akwai babban kaset da ake saka ƙaramin a ciki a kunna a bidiyon gida. Gaskiya ne?

Malam Habu Mai Rediyo: Rabin gaskiya ne. Na VHS-C akwai, domin zarensa da na babban VHS ɗaya ne, faɗin rabin inci, an dai rage tsawo ne aka sa a ƙaramin gida. Amma na Video8 da Hi8 faɗinsa milimita 8 ne, kuma yadda ake rubuta hoto a kansa daban. Ba a taɓa yin babban kaset da zai ɗauke shi ba, duk wanda ya ce zai sayar maka da shi kuɗinka yake so. Dole sai kyamara ko na'urar jinsinsa. Maganar rashin tashi kuwa, sau da yawa batir ne kawai ya mutu. Nemo cajarta ta asali ka jona ta kai tsaye da wuta. In ta kawo haske amma hoton yana birkicewa, ka shinshina wajen ƙofar kaset. In ka ji ƙarni irin na kifi, kafasitocin ciki ne, 'yan ƙananan sassan da ke riƙe wuta, suka zubar da ruwa, ciwon kyamarorin farkon shekarun 1990 ke nan. Ana gyarawa amma aikin haƙuri ne, suna da yawa, ƙanana ne ƙwarai.

Injiniya Sadiya: Sannunku. Malam Habu ya faɗi na gyara, bari in ƙara na ɓangaren kwamfuta, kuma da izini zan saɓa wa Bashir. Ga kaset ɗin Hi8 da Video8, hanya mafi sauƙin ciwon kai da na sani ita ce a samo kyamarar Digital8. Sony ta fito da Video8 a 1985, Hi8 a 1989, sannan Digital8 a 1999, kuma ta yi na ƙarshen ne da kaset mai siffa ɗaya da na baya. Da yawa daga cikinsu suna karanta tsohon kaset, su mayar da shi dijital a cikinsu, su turo wa kwamfuta ta wayar FireWire, wadda Sony ke rubutawa i.LINK a jikin kyamara. Hoto da sauti tare suke tafiya, ba wanda ke gaba da wani. Fayil ɗin DV ne, awa ɗaya tana cin kusan gigabait 13, kuma yawancin manhajojin tacewa na kwamfuta sun san shi.

Amma a kula, ba kowace Digital8 ke karanta tsohon kaset ba. An cire wannan daga wasu masu araha, misali DCR-TRV140. Kada ka biya kuɗi sai ka je da kaset ɗinka mara muhimmanci an saka ka ga hoto da idonka.

Bashir Mai Tacewa: Anti Sadiya, ina zai samo FireWire a wannan zamanin? Wace laftof ce ke zuwa da shi yanzu? Kin tura bawan Allah neman kayan da aka daina yi. Ni aikina ke nan, kuma masu kawo mini aiki a waya suke kallo. A waya wa zai gane bambanci?

Injiniya Sadiya: Tambayarka ta farko tana kan hanya. Laftof ta zamani ba ta da shi, kuma wayar nan da ake tallatawa mai kai ɗaya USB ɗaya FireWire ba ta aiki, harsunansu ba ɗaya ba ne. Amma kwamfutar tebur tana karɓar katin FireWire da ake sakawa a ramin PCIe, an fi yabon mai ƙwaƙwalwar Texas Instruments, sai 'yar manhaja kyauta mai suna WinDV. Ko kuma a nemi tsohuwar laftof ta zamanin Windows XP ko 7 mai ƙaramin ramin 1394 a gefe, wato FireWire ɗin ke nan, suna nan jibge a wajen masu gyara. A kashe kyamara kafin a jona wayar, don ramin yana ƙonewa.

Tambayarka ta biyu ce ban yarda da ita ba. Yau a waya ake kallo. Kaset ɗin nan kuwa wataƙila sau ɗaya zai yarda a kunna shi lafiya. In aka kwashe shi da na'urar da ke zubar da firam, wato hotunan da ke bin juna su zama bidiyo, ta ƙone farin kaya ya zama haske zalla, ta matse fayil, to abin da jikoki za su gada ke nan. Abin da ba a kwaso ba tun farko babu manhajar da za ta dawo da shi.

Malam Habu Mai Rediyo: Araha ba ta ado, Bashir.

Bashir Mai Tacewa: Baba Habu har da kai? To ni dai na san wanda ya tsaya jiran kayan aiki na gari har kaset ya ruɓe a durowa. Gara mai ɗan dishi-dishi da babu.

Injiniya Sadiya: Wannan kam na ba ka gaskiya. Kuma ban ce duk na USB ba su da kyau ba. Hauppauge USB-Live2 da I-O Data GV-USB2 an san su da aiki mai kyau. Matsalar marasa suna ita ce gida ɗaya ne, amma abin da ke ciki ya bambanta daga wannan zuwa wancan, sai ka saya ka ga rabonka. Kuma ga VHS-C dole ya bi ta irin wannan hanyar, sai dai in Digital8 ɗin da ya samu tana karɓar hoto daga waje ta miƙa wa FireWire, wasu suna yi.

Maman Ilham: Ni ban san FireWire ba, amma ina da magana. Abban Walid, Hajjin 1997 ai shekarar gobarar Mina ce, mahaifiyata tana can, har ta rasu tana ba da labari. Ka riƙe wannan kaset da kyau. Sai maganar bikin yayarku. Bikin wancan lokacin, kamu da wankan amarya cikin gida ake yi, mata zalla, wata ba mayafi, wata tana rawa don ta san mai kyamara ɗan gida ne. Yau waɗannan matan iyaye ne, wasu kakanni, wasu sun riga mu gidan gaskiya. In za ka kai shago, san wanda za ka ba. In kuma ka tace, kada ka jefa a zauren dangi na WhatsApp kafin mai bikin ta gani ta amince. Daga zauren dangi zuwa TikTok ba nisa.

Abban Walid: Wallahi Hajiya ban yi wannan tunanin ba, na gode. Dalili ke nan ma da zai sa in yi da hannuna. Yayarmu ce za ta fara gani.

Ɗan Gwari: Ku yi haƙuri in tambaya, me zai hana a kunna a talabijin a saita waya a ɗauka? Haka na ga wani ya yi.

Malam Habu Mai Rediyo: Ana yi, amma za ka samu layi yana yawo a hoto, ga hasken taga, ga kukan akuyar maƙwabta a cikin sauti. In kaset na gab da mutuwa kuma ba wata hanya, a yi. Ban da haka a'a.

Fa'iza: Ni na riga na gwada da na USB a kan kaset ɗin sunan ƙanena. Hoto ya fito, amma abu uku ke damuna. Duk wanda ya motsa sai gefen jikinsa ya yi tsaga-tsaga kamar haƙoran mataji. Can ƙasan hoton akwai wani siririn layi da ke karkarwa. Sannan in an yi nisa, sai bakin mutum ya motsa kafin a ji maganar. Kaset ɗin ne ya lalace?

Injiniya Sadiya: Babu ko ɗaya da ke nuna lalacewa, Fa'iza. Tsaga-tsagar asalin tsarin talabijin na da ne. A PAL, tsarin talabijin da Najeriya ta bi, ana nuna firam 25 a daƙiƙa, amma kowane firam rabi biyu ne da aka ɗauka a lokuta daban: layukan farko, na uku, na biyar a rabi ɗaya, na biyu, na huɗu, na shida a ɗayan. Rabi 50 ke nan a daƙiƙa. Tsohuwar talabijin bi da bi take nuna su, ido ba ya gani. Kwamfuta kuwa tana haɗa biyun lokaci guda, shi ne kike ganin haƙora a wurin motsi. Maganinsa a warware su bayan an kwasa. Manhajar HandBrake tana da zaɓin warwarewa masu suna Yadif da Bwdif, ki zaɓi Bob ki sa firam 50, za ki ga motsin dawaki ko rawa ya zama sumul yadda yake a talabijin. Masu son ƙurewa QTGMC suke amfani da shi, ya fi kyau amma saita shi aiki ne. Abin da ba a so shi ne a bar manhajar rikodin ta watsar da rabi ɗaya tun wajen kwasa.

Layin ƙasa kuma wurin da hed ɗaya ke miƙa wa ɗaya aiki ne. Yana nan a kowane kaset, gefen gilashin tsohuwar talabijin ne ke ɓoye shi. Wajen tacewa ki rufe shi da siririn baƙi, kada ki ja hoton don ki kore shi.

Na ukun shi ne babba. Siginar kaset ba ta zuwa daidai wa daida, zare ya miƙe, injin yana ɗan gudu yana ɗan lafawa. In na'urar USB ta rikice sai ta yar da firam, sauti kuma bai tsaya jira ba, a hankali sai su rabu. Abin da ke gyara wannan shi ake kira TBC, mai daidaita lokacin sigina. Kyamarorin Hi8 na ƙarshen shekarun 1990 da yawa suna da shi a menu, ki duba ki kunna. Ga VHS, mutane kan bi da siginar ta cikin rikodar DVD ta Panasonic, DMR-ES10 ko ES15, ba don a buga faifai ba, don dai ta miƙar da hoton kafin ya isa kwamfuta. Kuma ki gwada VirtualDub ko AmaRecTV maimakon OBS. An gina OBS ne don watsa shiri kai tsaye, ba ya damuwa in firam ya faɗi.

Fa'iza: Na gode Anti. A wane girma zan kwasa? Na sa 1080 don ya fi fitowa.

Injiniya Sadiya: Mayar da shi 720 da 576, firam 25, sauti 48 kHz. Wannan ne ma'aunin PAL. Sa 1080 ba ya ƙara komai sai nauyin fayil da dishi. Kuma hoton 4:3 ne, a bar shi da baƙi hagu da dama. In kika ja shi ya cika allo, kowa zai koma gajere mai faɗin fuska. In kyamarar tana da ramin S-Video, mai zagaye da ƙananan ramuka huɗu, yi amfani da shi a bar rawayar waya, don yana raba haske da launi, hoton ya fi tsabta. Hi8 suna da shi, Video8 zalla yawanci babu.

Bashir Mai Tacewa: To maganar ɗaga hoto da AI fa? Kowa ya yi shiru a kai. Na yi wa wani na bikin iyayensa, har kuka ya yi don murna.

Maman Ilham: Ni kuma an nuna mini irinsa, an gyara wata tsohuwa da na sani, an shafe mata zanen fuska, an ba ta haƙoran da ba nata ba. Na ce wannan ba ita ba ce.

Injiniya Sadiya: Abin da Hajiya ta gani shi ne yadda abin ke aiki. VHS layi kusan 240 yake iya rarrabewa, Hi8 kusan 400. Fuskar da ke nesa a taro ɗigo kaɗan ce. Manhajar ba ta san mutumin ba, tana cike gurbi ne da fuskokin da aka horar da ita da su. Ban hana ba, Bashir, a yi wa kwafi in ana so. Sharaɗina ɗaya: fayil na farko da aka kwaso a ajiye shi yadda yake, ba yanka, ba kiɗa, ba rubutu. Daga shi ake cire kwafin tacewa, daga na tacewa a fitar da MP4 na rabawa.

Bashir Mai Tacewa: A kan ajiye na asali ba mu da saɓani. Ƙari ɗaya daga wajena: kada ku shafe sautin wurin ku ɗora waƙa. Masu kawo aiki suna yawan cewa a sa musu kiɗa, daga baya su dawo suna neman muryar kakarsu da aka danne. Kuma in za a tura ta WhatsApp a tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse shi ya koma abin tausayi.

Malam Habu Mai Rediyo: Yanzu ka yi magana. Bari in ƙara na wuta, tunda ba a Turai muke ba. Kwasar kaset ba ta da gaggawa, kaset ɗin minti 90 minti 90 zai ci, babban kaset ɗin VHS mai lamba E-180 awa uku cur. In aka ɗauke wuta a tsakiya, fayil na iya lalacewa, zare kuma ya maƙale a naɗe jikin hed. Ku yi a kan inbata ko UPS, kada a kan ƙaramin janareta mai hawa da sauka. Duk na'urar da aka sayo gwanjo a duba bayanta, in an rubuta wutar 110 ko 120 ta Amurka ce, 100 kuma ta Japan, tana buƙatar tiransifoma mai rage wuta, kuma galibi tsarinta NTSC ne, ba PAL ba, ba za ta karanta kaset ɗinmu ba.

Kafin kunna kaset ɗin da ya daɗe a ajiye, a tura shi gaba har ƙarshe a dawo da shi, zaren ya saki jiki. Kada a shanya shi a rana wai don danshi. In ya tsinke kada a liƙa da salatif, gam ɗinsa yana narkewa ya ɓata hed, akwai tef na musamman da ake manna wa bayan zaren. Wanke hed kuma da sifirit mai tsabta ne, isopropyl, a kan farar takarda ko fatar goge gilashi, a dafa a hankali a juya gangar da hed ke jiki da yatsa. Ba a gogawa sama da ƙasa, ba a sa auduga, tana kama bakin hed ta karya shi. In ya karye sai dai a ciro daga gawar wata na'ura, tunda kamfani na ƙarshe da ke ƙera bidiyon VHS, Funai na Japan, ya daina tun 2016.

Abban Walid: Malam, akwai wani maƙwabcinmu da ya ce shi tuntuni ya mayar da nasa DVD ya zubar da kaset ɗin. In na gama ni ma in zubar?

Malam Habu Mai Rediyo: Kul. Tambaye shi ko faifan suna kunnuwa yau. Faifan da aka buga a shago ya fi kaset saurin mutuwa a zafin nan namu. Ka jera kaset ɗin a tsaye, a wuri mai sanyi mara danshi, nesa da lasifika.

Injiniya Sadiya: Fayilolin kuma a ajiye a wuri biyu aƙalla, ma'ajiyar waje ɗaya a gidanka, ɗaya a gidan wani ɗan'uwa. A tabbata an tsara ta da exFAT ko NTFS, don FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4. Sunan fayil ya ɗauki shekara da abin da ke ciki, ka kuma ɗauki hoton rubutun Baba da ke jikin kowane kaset ka ajiye tare. In da hali ka zaunar da wata babba a gida ta faɗa maka sunayen mutanen da ke ciki ka rubuta.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum, na makara. Ni nawa daban ne. Kaset ɗin VHS-C ne na kawuna da ya zauna Faransa. Na saka a bidiyon da na sayo a Kano, hoto ya fito tas, sauti lafiya lau, amma babu kala sam. Kalar ta goge ne saboda daɗewa?

Malam Habu Mai Rediyo: Kala ba ta gogewa ita kaɗai ta bar hoto tas, ɗan'uwa. Ina kyautata zaton SECAM ne, tsarin Faransa, wanda talabijin ɗin Nijar ma ta bi. Layukansa da firam ɗinsa ɗaya ne da PAL, shi ya sa ka ga hoto, yadda ake ɗora launi ne ya bambanta. Nemi bidiyo mai tsari da yawa, ka duba gabansa ko bayansa an rubuta SECAM. Ka lura, wanda aka rubuta MESECAM kaɗai na ƙasashen Larabawa ne, ba lallai ya ba ka kalar kaset ɗin Faransa ba. A Maraɗi ko Yamai za ka fi saurin samu da Kano. Sannan a manhajar kwasa ma sai ka zaɓi SECAM, in na'urar USB ɗinka ta san shi.

Ɗan Maraɗi: Akwai kuma guda biyu na Hi8 a cikin kayan nasa. Su ma haka?

Injiniya Sadiya: Su ba ruwansu. Ba a yi kaset ɗin milimita 8 da SECAM ba, ko a Faransa da PAL suke ɗauka. Duk kyamarar Hi8 ta PAL za ta ba ka su da kalarsu. In ka ga hoton yana tsalle, duba ko da LP aka ɗauka, wato jinkirin gudu don kaset ya daɗe, irin wannan ya fi son kyamarar da ta ɗauke shi. Kawun naka yana da ita har yanzu?